Neman Ishaya a Kan Keke

Tun kuna ƙanana kuke jin maganar baffanku Ishaya a bakin mutane, kuma na san abin da aka faɗa muku: wai na gan shi da idona bayan yaƙi, na juya na bar shi a ƙasar wasu don gonar mahaifinmu ta Kagoma ta zama tawa ni kaɗai. Ban taɓa musa wa kowa ba, ko a gaban dattawan coci. Yanzu duk waɗanda maganar za ta yi wa ciwo sun kwanta dama, ni ma ƙarfina ya ja baya, shi ya sa zan rubuta muku yadda abin ya kasance.

Shekarar da ta biyo bayan ƙarewar yaƙin basasa ce. Ina koyarwa a wata makarantar firamare a Kafanchan, ni da mahaifiyarku Rifkatu muna haya kusa da layin dogo. Mama, kakarku, ta baro Kagoma ta tare a wurinmu, ba don tana son zaman gari ba, sai don tasha. Duk jirgin da ya taso daga kudu, kafin ya tsaya tana bakin dandamali. Sojoji suna ta sauka a lokacin, wani da akwatin ƙarfe da rediyo a kafaɗa, wani yana dogara sanda, wani kuma sai an riƙe shi. Ita kuwa tana bin su ɗaya bayan ɗaya da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba, tana tambaya ko sun san Ishaya ɗan Kagoma, dogo, mai wushirya. Shi ne autanmu. A gidana ya yi firamarensa, a layinmu ya girma, kuma bai gaya wa kowa ba ranar da ya bi motar ɗaukar soja. Dattawan cocinmu sun zo har gida sun ba da shawara a yi masa sujadar tunawa, hankali ya kwanta. Mama ta ce musu ita ba ta binne wanda ba ta ga gawarsa ba.

Wata rana ta dawo daga tasha ba ta ko cire ɗankwali ba, ta tsaya a kaina ina gyaran littattafan yara. Wani soja ya gaya mata akwai wani Kofur Bulus a Samaru Kataf da suka yi yaƙi wuri ɗaya da Ishaya. Na ce mata hutu ya kusa, zan duba. Rifkatu kuwa ba ta so tafiyar ba, kuma tana da gaskiyarta: damina ta sauka, tana da ciki, hutun ba shi da tsawo, hedimastanmu kuma ba mutum ne mai ɗaga ƙafa ba. Sun daɗe suna ja-in-ja a madafa ina jin su. Daga baya Mama ta fito ta nuna kekena da ke jingine a bango, ta yi magana da yarenmu.

"Wannan ƙarfen, makaranta kawai ya san hanya?"

Keke ne baƙi, mai ƙarfi, wanda na saya a shekarata ta fari da fara aiki. Motocin haya a wancan zamani babbar hanya kawai suke bi, su ma sai ranar kasuwa, sojojin da suka dawo kuwa suna warwatse cikin ƙauyuka. Wanda zai yi tambaya gida-gida ba shi da abin hawa sai keke. Na ɗaure bargo da riga ɗaya a kariyar bayan keken, na sa famfo da sholisho da tsohuwar roba ta faci a jaka, Rifkatu ta ƙulla mini soyayyiyar gyaɗa ba tare da ta dube ni ba, na kama hanya.

Na sami Kofur Bulus zaune a kan turmi a ƙofar gidansa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe da tsinke, domin a fagen yaƙi ya baro ƙafar. Bai bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba sai da matarsa ta kawo ruwan wanka da tuwon acca na ci. Wannan shi ne abin da na riƙa tararwa a duk tafiyar: sai baƙo ya ci ya sha kafin a tambaye shi daga ina. Da na ambaci sunan Ishaya, sai ya kori yaran da ke tsakar gida. Ya ce Ishaya bai mutu a yaƙi ba. Bayan an tsagaita wuta, an ajiye su a wani sansani kusa da kogin Binuwai suna jiran a rarraba su. Wata safiya aka tarar da kakinsa a ninke, da takalminsa da bindigarsa a kai, shi kuwa babu shi. Daga baya wani direba ya ce ya ga mai kama da shi yana bin layin dogo a ƙafa, ya doshi wajen Lafiya. Na tambaye shi me ya same shi haka. Bulus ya daɗe yana murza taba a tafin hannu.

"Malam, in Allah ya sa ka same shi, ka ba shi abinci, ka gaishe shi. Kada ka yi masa tambaya da yawa."

Daga Samaru Kataf ban biya gida ba, domin na san in na ga fuskar Rifkatu ba zan sake fita ba. Na aika da saƙo ta bakin wani mai kai citta kasuwar Kafanchan, na bi ta Kagoro na gangara kudu. Wanda bai yi doguwar tafiya a keke da damina ba, ba zai gane ba. Jar laka takan cika tsakanin taya da madiga har keken ya ƙi motsi, sai ka sauka ka nemi kara ka ƙwaƙule. Rafin da ka ga yara suna tsallakawa da safe, da la'asar sai ka ɗora keken a ka, ruwa har ƙirji. Cinyoyina suka saɓule, tafin hannuna ya yi kanta. In rana ta yi sanyi sai in shiga ƙauyen da ya fi kusa in nemi gidan mai bishara, in babu in nemi na mai unguwa. Ba a taɓa kora ta ba. Na kwana a ɗakin ajiyar dawa, na kwana a kan bencin coci, na kwana a zauren wani malami Musulmi wanda ya ba ni tabarmarsa shi ya kwanta a kan buzu. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kusan kowane gida da na sauka akwai nasu da bai dawo ba. In na gama ba da labarina, sai wata uwa ta matso ta ce in na isa can in tambaya mata ɗanta, sunansa wane, yana da tabo a wuri kaza. Na fita neman mutum ɗaya, kafin in kai Gwantu sunayen da ke kaina sun fi ƙarfin in riƙe.

Bayan Gwantu ne birki ya ƙi kamawa a wata gangara, na faɗa cikin kwazazzabo, tayar gaba ta lanƙwashe, gwiwata ta tsage. Na ja keken har wata rugar Fulani, a can zazzaɓi ya kwantar da ni. Maigidan, wani tsoho mai suna Jauro, ya sa aka kafa mini bukka, matansa suna kawo mini nono da ɗumi da wani jiƙo mai ɗaci. Shi da kansa ya ɗauki tayar ya kai wa mai gyara a kasuwar da ke gaba. Ban san iyakar kwanakin da na yi a wurinsu ba. Da na miƙe, na lissafa a raina na ga makarantu sun kusa komawa, in na juya a ranar zan iske aikina. Jauro bai ce in tafi ba, bai ce in koma ba. Ya dai gaya mini cewa 'yan'uwansa da ke kiwo gabas da Lafiya suna maganar wani soja da ba ya magana, yana zaune a wani ƙauye nesa da layin dogo, kuma ya kwatanta mini hanyar. Na yi addu'a a bakin rugar, na ɗora ƙafa a feda, na ci gaba da yin kudu.

Ƙauyen ƙarami ne, mutanensa manoman doya, Hausarsu ba ta da yawa. Aka nuna mini gidan wata tsohuwa da ke can ƙarshen gari. Ita ma ɗanta tilo ya tafi yaƙi bai dawo ba. Maƙwabta suka ce wata rana aka wayi gari wani dogon mutum na zaune a gindin rumbunta, ƙafafunsa duk sun fashe. Ta ba shi ruwa, ta ba shi abinci, ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai tafi ba. Yanzu shi ke yi mata noma, shi ke gyara mata jinka. Ina tsaye a ƙofar gidan riƙe da keke sai ga shi ya dawo daga gona da garma a kafaɗa. Ya yi baƙi, gashinsa ya cukurkuɗe, amma shi ne. Ya tsaya ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ya ajiye garmar a hankali.

"Yaya, ka rame."

Abin da ya fara ce mini ke nan. Ni kuwa na riƙe shi ina kuka kamar yaro, shi yana tsaye ƙiƙam. Tsohuwar ta fito ta gan mu, ta gane ko ni wane ne, na ga fuskarta ta canja. Duk da haka ta daka sakwara, ta yanka kazarta, ta share mini ɗakin ɗanta.

Na zauna tare da su na ɗan lokaci, ina bin shi gona. Yana aiki kamar mutum biyu, yana cin abinci, in an yi masa magana yana amsawa a taƙaice. Na riƙe shawarar Bulus ban tambaye shi komai ba. Sai dai na riƙa ba shi labarin gida don in ja hankalinsa: yadda Mama ke zuwa tasha, wanda ya yi aure, wanda ya mutu. Wata rana da hantsi muna kafa sandunan doya, sai na ce masa har Ibo da suka gudu sun fara dawowa Kafanchan, Mama Emeka ma ta dawo ta sake buɗe rumfarta a kasuwa, kuma kullum tana tambayarsa. Mama Emeka maƙwabciyarmu ce kafin rikici, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ɗanta Emeka da Ishaya tare suka tashi, aji ɗaya, kwano ɗaya, in ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Ina rufe baki Ishaya ya saki sandar da ke hannunsa ya zauna a kan kunya. Ya tambaye ni ko ta san inda Emeka yake. Na ce ta ce ya shiga yaƙi ta ɓangarensu, ba ta sake jin labarinsa ba.

A nan ya gaya mini, idonsa a ƙasa, muryarsa ba ta ko rawa. Ya ce gab da ƙarshen yaƙi sun kama wasu samari a wani gari a bakin ruwa. An kashe wa su Ishaya mutane da yawa a ranar, babbansu ya ce ba a tafiya da fursuna. Aka jera samarin, aka jera su Ishaya a gabansu. Samarin duk sun rame har ba a gane fuska. Sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai ya yi magana da Hausa, irin Hausar layinmu.

"Ishaya, ni ne fa. Emeka ne."

Ya ce babban yana tsaye a bayansa da ƙaramar bindiga a hannu. Ishaya ya ce mini ya harbe shi.

A nan gonar na yi masa duk wa'azin da na sani. Na ce umarni aka ba shi, na ce Ubangiji mai gafara ne, na ce ba wanda zai sani. Ya ce shi ya sani. Ya ce ba zai iya bi ta kasuwar Kafanchan matar nan ta kira shi ɗana ba, kuma ba zai iya zama a Kagoma yana kallon Mama tana gode wa Allah da ya dawo mata da shi ba. Sannan ya kama hannuna ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Mama ba, ba zan gaya wa kowa ba, muddin ita da Mama Emeka suna da rai.

Duk da haka ban haƙura ba. Na yi ta lallashinsa har ya yarda zai bi ni ko da na mako ɗaya ne, Mama ta gan shi ya dawo. Da safe ya hau kariya, tsohuwar tana tsaye a ƙofa. Mun fita gari, mun wuce gonaki, ina jin hannunsa a kafaɗata yana ƙara matsewa. Da muka hango babbar hanya, wata motar itace ta wuce tana ƙara, sai ya diro daga keken ya faɗa cikin ciyawa. Jikinsa na karkarwa, haƙoransa na haɗuwa, ya jiƙe wandonsa, yana ta faɗin sunan yaron nan. Na riƙe shi ya ture ni, bai san ni ba. Ashe tsohuwar tana biye da mu a ƙafa. Ta iso ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa magana da yarenta wanda ba na ji, har jikinsa ya lafa. Ta ɗago ta dube ni, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita.

"Ka kai shi, zai mutu. Ka bar shi, ka zo ka gani."

Na dubi ƙanena a kwance, na san gaskiya ta faɗa. Na raka su har gida, na bar masa bargona, na juyo ni kaɗai. A hanyar dawowa na sake sauka a gidajen da suka karɓe ni, iyayen nan mata suna fitowa da gudu in sun ga kekena, ni kuwa ba ni da labarin ko ɗaya daga cikin 'ya'yansu.

Na iso Kafanchan na tarar an ba wani ajina, Rifkatu ta haihu ba na nan, kuma ta sha wuya ƙwarai. Ba ta yi mini gori ba, har ta mutu. Mama kuwa ta bar ni na sha ruwa, sannan ta zaunar da ni. Na gaya mata yana da rai, na gaya mata ba shi da lafiyar da zai yi tafiya. Ta tambaya ko yana cin abinci, na ce yana ci. Ta tambaya wa ke dafa masa, na ce wata tsohuwa. Sai ta ce:

"Ka ga ɗana da rai, ka bar wa wata mace shi."

Na ce zan kai ta ta gan shi in rani ya yi. Ta ce ita ba za ta je gidan wata ta roƙi ganin ɗan da ta haifa ba, in yana son ta ya san hanya, in kuwa ni na hana shi, Allah yana gani. Ta tambaye ni dalili sau da yawa, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta sai cewa ba shi da lafiya. Kashegari ta ɗaure kayanta ta koma Kagoma. Yayarmu Hannatu ce ta fara maganar gona, dangi suka ɗauka. Da yake aikin koyarwa ya kuɓuce mini, dole na koma noman gonar don in ciyar da ku, wannan kuwa ya ƙara tabbatar musu da zarginsu. Ina kai wa Mama hatsi tana karɓa, amma ba ta ƙara cin abin da aka dafa a gidana ba. In na gaishe ta takan amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Ta daina zuwa tasha, kuma daga lokacin ta fara lalacewa. Damina biyu ta ƙara a duniya.

Kowane rani nakan hau keke in je in ga Ishaya. Bai warke ba, amma ya zauna lafiya a wurin mutanen nan, shi ya binne tsohuwar da ta riƙe shi, bayan wasu shekaru ciwon ƙirji ya ɗauke shi, suka binne shi kusa da ita. Da na kai masa labarin rasuwar Mama, bai yi kuka ba, ya ɗauki garma ya tafi gona bai dawo ba sai da rana ta faɗi.

Ranar da muka binne Mama a Kagoma, mutane sun zo da yawa daga Kafanchan, har da Mama Emeka. Ta tsufa, ta rame, ta zo da shinkafa a ƙullin zane don masu makoki. Dangi duk sun ja jiki sun bar ni ni kaɗai a gindin mangwaro. Ita ce ta taso ta zauna kusa da ni. Ta ce ta ji abin da ake faɗa a kaina, ita ba ta yarda ba, domin ta san yadda na riƙe yaron nan. Ta ce yaƙi ya lalata 'ya'yan mutane ta kowane ɓangare, kuma kullum in tana yi wa Emeka addu'a takan haɗa da Ishaya. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar hular saƙa da ta yi da hannunta, ta sa mini a tafin hannu.

"In ka je, ka ba shi. Ka ce Mama Emeka tana gaishe shi. Cikin yaran da suka yi wasa a ƙofata, shi kaɗai ya rage mini."

Na karɓa na ce mata zan ba shi. Ta dafa kaina ta sa mini albarka, ta tashi ta tafi neman motar Kafanchan.